Ɓarawo Yana Ƙasa, Ina Dukan Na Sama

A majalisarmu ta ƙofar masallaci kowa da fanninsa. Akwai wanda in an zo zancen siyasa sai a yi tsit a bar masa fili, akwai mai ƙwallo, akwai masanin farashin hatsi tun daga Dawanau har Maraɗi. Ni lafiya aka ba ni. Ba likitanci na karanta ba, lissafi nake koyarwa a wata sakandare, amma na taɓa ce wa wani dattijo ya rage gishiri, ya rage, kuma har yau yana raye. Tun daga nan sunana ya koma Dakta, ni kuwa ban ga dalilin musanta abin da jama'a suka haɗu a kai ba.

Abin da ya ƙara mini kwarjini shi ne haƙorana. In an kawo lemon kwalba aka rasa mabuɗi, ni ake miƙo wa. Rake ba na jira a fere mini. Ƙashin da ya gagari samari a gidan suna, ni ke raba gardama. Goruba, busasshiyar aya, ƙanƙarar da ta saura a gindin kofi, babu wanda na ɗaga wa ƙafa. Da safe ina da asuwakina na darbejiya. Da daddare kuma, bayan an sha shayin majalisa, wanda mai dafa shi hannunsa ba ya rawa wajen zuba sukari, sai in wuce gida in bi lafiyar gado. Goge baki da daddare, a ganina, aikin sababbin angwaye ne.

Abin ya soma ne da ruwan sanyi. In na kurɓa sai in ji wani tsiit a gefen hagu, ya ɗauke nan take. Na koma sha ta gefen dama, ina karkata kai, na ɗauka an gama magana. Daga baya zaƙi ya shiga sahu, sai abu mai zafi, har ta kai ciwon ya daina jiran gayyata. Dare yake so. Da na sa kai a matashi sai ya fara, zut, zut, daidai da bugun zuciyata, ya haura kunne, ya leƙa ido. Uwargida ta farka ta tarar da ni ina kai da kawowa tsakanin randa da ƙofar kicin, hannu a kunci.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Taurari nake dubawa."

"Da wannan hadarin?"

Na gudanar da binciken da ya dace da matsayina. Na tsaya gaban madubi da fitilar waya, na danna nan, na danna can, na yanke hukunci: turmin sama ne na hagu. A wajen nake jin ciwon, ga shi kuma yana da wani baƙin tabo da idona bai kwanta da shi ba. Daga ranar nan haƙorin ya shiga uku.

Na fara masa da kanumfari. A nan ba wanda zai ga laifina, don man da ke cikin kanumfari yana dusashe zafi da gaske, har likitocin haƙori suna da wani ciko na wucin gadi da ake haɗawa da shi. Ya yi sauƙi na ɗan lokaci, ya dawo. To, Dakta ba ya tambayar magani a majalisa, don haka na ce wani abokina ne ke fama. Shawarwari suka yi ta zubowa: jar kanwa, garin taba, fetur, har da mai cewa a ɗiga ruwan batir. Na zaɓi wadda ta fi kama da ta 'yan boko, wato a ɗora ƙwayar asfirin a jikin dasashi a kwana da ita. Da gari ya waye wajen ya yi fari fat, fatar tana saluɓewa. Asfirin sinadari ne mai tsami, a ciki yake aikinsa bayan an haɗiye shi, in aka ajiye shi a kan nama ƙona shi yake yi. Yanzu abokin nawa yana da ciwo biyu.

Sai zancen tsutsa. Na hau mota zuwa wata kasuwar ƙauye inda na tabbata ba ni da ɗalibi ko ɗaya, na sami mai cire tsutsar haƙori a gindin wata tsamiya. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce sun yi yawa, har sun fara haihuwa. Ya zuba wasu ƙananan 'ya'yan itace a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya ce in kafa baki. Na sha hayaƙi har hawaye suka zubo. Da ya janye kwanon ruwan da ke ƙasa sai ga su, farare sirara, suna yawo a saman ruwa. Na ƙirga su, don sana'ata ce ƙirga. Na biya shi har da tukwici. A kan hanyar dawowa, a daidai wani gargada, ciwon ya yi mini sallama.

Ana nan, wata safiya na tashi na ji shiru. Na kurɓi ruwan randa, shiru. Na tauna ƙanƙara, shiru. A daren nan na sanar da majalisa cewa abokina ya warke, kuma haɗin kanumfari da hayaƙi ne sirrin, sai dai yana bukatar haƙuri. Mutum biyu suka rubuta a waya.

Kumburin ya zaɓi ranarsa da kyau: ranar ɗaurin auren ɗan yayana, inda ni ne wakilin ango. Na tashi gefen fuskata na hagu ya cika ya batse tun daga haɓa har gindin kunne, bakin ba ya buɗuwa sai da dabara. Na sa babbar riga, na naɗa rawani, ni da ban taɓa naɗawa ba, na jawo amawali na rufe abin da zai rufu. Da liman ya juyo gare ni, abin da ya fito daga bakina bai yi kama da neman aure a kowane harshe ba, sai da aka sa na maimaita. A hotunan bikin, dangin amarya har yau suna tambaya wane ne basaraken nan mai fushi. Na bi ta kemis aka haɗa mini kafso, kumburin ya saɓe, ya huta, ya dawo da ƙarfinsa. Uwargida ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗauko mayafinta, ta kira mai adaidaita sahu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ko ka shiga da ƙafarka, ko in aika majalisa a gaya musu sunan abokin naka."

Na shiga da ƙafata.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta ce, "Sannu Baba, hau nan ka kwanta." Kalmar Baban nan ta fi turmin yi mini ciwo. Kujerar ta yi baya da ni, fitila ta haske mini fuska, ga wasu ƙananan ƙarafa an jera a faranti. Ban jira tambaya ba, na gabatar da rahoto: turmin sama na hagu, a cire shi kawai, na riga na gama bincike.

Ta ce to. Ta juya ƙotar ɗan madubinta ta ƙwanƙwasa wanda nake zargi. Ban ji komai ba. Ta ɗora masa auduga mai sanyi, na ji sanyi, ta ɗauke, ya wuce. Ta ce wannan lafiyarsa ƙalau, baƙin da ke jikinsa rinin goro ne da shayi. Sannan ta tambayi wanda ya ƙona mini dasashi. Na ce tsautsayi ne. Sai ta sauko ƙasa, ta ƙwanƙwasa turmin da ke daidai ƙarƙashinsa, a hankali ma. Ban san lokacin da na kira sunan mahaifiyata ba, wadda ta rasu tun ina saurayi.

"Ga mai laifin nan, Baba."

Na ce ba zai yiwu ba, a sama nake jin ciwon. Ta ce haka yake yi wa mutane da yawa. Haƙoran sama da na ƙasa na gefe ɗaya rassan babbar jijiya ɗaya ne ke kai saƙonsu, shi ya sa in ciwo ya yi tsanani ƙwaƙwalwa kan rikice, ta ɗora wa na sama laifin na ƙasa, ko ta aika shi kunne. Ni dai a nan na ga an wanke ni. Ƙwaƙwalwa ce ta kawo rahoton ƙarya, ni hukunci kawai na zartar.

Ta ce wa ma'aikaciyar da ke taimaka mata ta rubuta uku-shida. Na leƙa kati na ga 36 ɓaro-ɓaro. Nan fa aka shigo fagena. Na ɗaga hannu na ce, da baki a karkace, haƙoran babban mutum 32 ne, ina aka samo na 36? Ta yi murmushin da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ta ce baki kashi huɗu suke raba shi: sama dama 1, sama hagu 2, ƙasa hagu 3, ƙasa dama 4. A kowane kashi kuma haƙora takwas ne, ana ƙirgawa daga tsakiya: na gaba biyu masu yanka, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu, manyan turame uku. Uku-shida ke nan haƙori na shida a ƙasa ta hagu. Na lissafa takwas sau huɗu a zuci, ya ba ni 32, na rasa ta inda zan kama ta. Ta ƙara da cewa wannan na shidan shi ne ya fi kowa daɗewa yana mini bauta, don tun ina ɗan shekara shida ya fito, a bayan haƙoran nono guda 20, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukar sa na nono ne, in ya fara ruɓewa su ce a bar shi zai fita da kansa.

Aka ɗauki hoton haƙorin, ta manna shi a allo. Ga saiwoyi biyu sun nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, ga wani baƙin kewaye a ƙarshen ɗaya, ga kogo ta gefen da ke jingine da maƙwabcinsa, inda madubina da fitilar wayata ba za su taɓa gani ba. Ta ɗauko wani ƙaton haƙorin roba da ke buɗewa biyu ta ce, "Baba, ka san katangar ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti?" Farin da ake gani a waje, inamel, shi ne yaɓen. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba, amma ba shi da rai, in ya fashe ba ya tohowa. A ƙarƙashinsa akwai dentin, ƙasar katangar, mai ɗan ruwan ɗorawa, ya fi laushi, cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani waɗanda ke bi har ciki. A can tsakiya kuma ɓargo ne, inda jijiya da hanyoyin jini suke, suna saukowa ta cikin saiwa. In yaɓe ya tsage, ruwa ya samu hanya, ƙasar ciki ce ke zaizayewa, daga waje kuwa katanga tana nan tsaye da kyanta.

Na tambaye ta tsutsar fa? Ta ce babu wata tsutsa. Waɗancan 'ya'yan itacen ne ke fashewa in sun ji wuta, farin zaren cikinsu ya faɗa ruwa. Na so in ce na ga suna motsi, sai na tuna mutumin yana ta girgiza kwanon. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne ba ni kaɗai ba ne. Mutanen tsohuwar Iraƙi sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunan yumɓu dubban shekaru da suka wuce, Turawa ma sun daɗe a kai, har zuwa zamanin Pierre Fauchard, Bafaranshen da ya fitar da littafinsa kan haƙori a 1728 ya ƙi yarda da zancen. A 1890 kuma wani Ba'amurke mai suna Willoughby Miller ya bayyana yadda abin yake: ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya narkar da inamel. Ni ke nan na makara da shekara ɗari da 'yan kai, wanda a harkar ilimi a ƙasar nan ba wani abin a zo a gani ba ne.

Da ta ji tsarin shan shayina sai ta ajiye biro. Ta ce yawan sukarin ma bai kai yawan maimaitawar illa ba. Duk kurɓi ɗaya, baki kan ɗauki wajen rabin awa ko fiye kafin yawu ya wanke tsamin, ni kuwa kafin ya gama na sake aiko da wani. Ga shi in mutum ya yi barci yawu raguwa yake yi, ƙwayoyin su kwana suna walima ba mai tsawatarwa. Asuwaki ta ce yana da kyau, in ci gaba, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma in haɗa da man goge baki mai fuloraid safe da dare, in tofar kada in kurkure.

Sai na kawo hujjata ta ƙarshe, wadda nake ji da ita: ai ciwon ya taɓa ɗaukewa gaba ɗaya, me ya warkar da shi in ba haɗina ba? Ta ce tsiit ɗin farko, lokacin ruɓar tana dentin ne, da na zo a lokacin ɗan ciko za a yi in tafi gida kafin shayina ya huce. Bugun dare kuwa ɓargo ne ya kumbura a cikin ɗakin da ba ya faɗaɗa. Shirun da na yi wa shela a majalisa, ranar jijiyar ta mutu ne. Ruɓar ta bi saiwa ta sauka cikin ƙashi, ta tara mugunya, ita ce ta naɗa mini rawani. Kafso kuma ba zai gama da ita ba, don jini ne ke kai magani, mataccen haƙori kuwa jini ba ya shiga cikinsa. Daga nan ta daina murmushi. Ta ce irin wannan kumburin na turmin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da maƙogwaro ya toshe numfashi, kuma ana mutuwa da shi. Na kalli uwargida. Ba ta ce uffan ba, ta dai gyara zaman mayafinta, wanda a gidanmu ya fi huɗuba tsawo.

Zaɓi biyu aka ba ni: a cire, ko a yi abin da ake kira kashe jijiya, ko da yake tawa ta riga ta hutar da su. Na tambaya, a madadin abokina, ko gaskiya ne cire haƙori yana taɓa ido. Ta ce jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Amma in an cire aka bar giɓi, maƙwabta kan karkato cikinsa, na sama kuma ya yi ta zazzagowa don ya rasa abokin karo, sai an cike wajen da haƙorin roba, ko gada, ko a dasa ƙarfe a ƙashi, wanda da na ji kuɗinsa na ce a bar maganar. Na zaɓi a bar mini abina.

Allurar kashe zafi can ƙuryar muƙamuƙi aka yi ta. Na rufe ido na karanto duk abin da na haddace. Kafin in kai ƙarshe rabin leɓena da rabin harshena sun bar hannuna. Ina kwance ina sa wa William Morton albarka a zuci, likitan haƙorin da ya nuna wa duniya a Boston a 1846 cewa ana iya yanka mutum bai ji ba, ko da yake a lokacin sunansa bai zo mini ba, na dai ce duk wanda ya ƙirƙiro abin nan. Ta huda haƙorin ta sama, ta nemo hanyoyi uku a cikin saiwoyin biyu, ta yi ta zura wasu siraran allurai tana gogewa tana wankewa da wani ruwa mai warin bilic. Wani bututu yana ta zuƙe yawu a gefe. A haka, baki a wangame, da hannaye huɗu a ciki, take tambayata wane aji nake koyarwa. Da aka ce in kurkure, na kurɓi ruwa da mutuncina, ya bi ta gefen da ya mutu ya sauka a gaban rigata.

Da na koma aka cike hanyoyin da wani abu mai kama da roba, gata-faca, wanda asalinsa ƙaron wata bishiya ce ta wajen Malesiya. Sannan aka yi wankin haƙori, da wani ƙarfe mai tsuwa da feshin ruwa. Abin da ya ɓamɓaro daga bayan haƙorana na gaba na ƙasa, na rantse na ɗauka haƙoran ne ke karyewa. Ta ce dattin da ba a goge ba ne yawu ya mayar da shi dutse, shi ke sa dasashi jini, in ya daɗe ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗi. Na zura harshe na ji ƙofofi ko'ina, iska tana shiga. Na ce an rage mini haƙori. Ta ce a'a, an dai kwashe abin da ya toshe ne. Har yanzu ina da ja a kan wannan.

Saura hula. Haƙorin da aka rarake ba shi da ƙwari irin na da, in ba a rufe shi ba wata rana zai dare. Ta nuna mini ta ƙarfe da fara mai kama da haƙori. Na ce tunda abin ya zo da haka, babu ta zinariya? Ko ba komai mutum ya samu haƙorin Makka kafin Allah ya kira shi. Uwargida ta ce, "A can ƙuryar? Sai dai in duk wanda ka gamu da shi ka yi masa hamma." Aka sa fara. Kuɗin aikin gaba ɗaya ya kai na ragon layya madaidaici, kuma an kafa mini dokar hana buɗe kwalba, abin da ya jawo majalisa ta yi karo-karo ta sayi mabuɗi.

Ina tattara katina zan fita, likitar ta sake ɗaga hoton ta ce, "Baba, tsaya." Ta nuna can ƙarshen layi, uku-takwas, turmin ƙarshe da kan fito tsakanin shekara 17 da 25. Nawa bai samu wuri ba, ya kwanta a kaikaice rabi a cikin nama, ya kafa kai a jikin uku-bakwai, abinci yana taruwa a tsakaninsu. Wannan ba ciko, ba hula, fita zai yi, wataƙila ma sai an tsaga dasashi. Ta fara lissafa mini dokokin bayan cirewa: in cije auduga, kada in tofa, kada in kurkure a ranar, kada in tsotsi komai, don gudan jinin da ya toshe ramin ya zauna, ruwan gishiri mai ɗumi sai washegari. Ta ce yaushe zan dawo?

Na ce in sha Allahu bayan Sallah. Ta rubuta. Ba ta tambayi wace Sallah ba, ni kuma ba mai cika wa likita surutu ba ne.